Furar Inna da Motar Majigi

Ban wuce shekara goma ba lokacin da na fara fitowa a majigi, kuma ba don kyau aka zaɓe ni ba. Gwalo ne ya jawo mini.

Muna cikin aji a makarantar 'yan mata, sai Uwargida, Baturiyar da ke riƙe da makarantar, ta shigo da baƙi biyu. Ɗaya Bature ne mai tsawo, wanda kafin a tashi mun raɗa masa suna Dogon Wuya. Ɗayan Bakano ne mai jar dara, Malam Siddiƙu, shi ke yi masa tafinta. Suka ce ofishin tsabta ne ya aiko su su ɗauki wasa irin wanda ake haskawa jikin farin ƙyalle, kuma yara mata biyu suke nema. Duk aji aka sunkuyar da kai. Daidai nan Sadiyatu da ke gefena ta taka mini ƙafa, ni kuwa na juya na zaro mata harshe, na haɗa da harara. Dogon Wuya ya cire lofe daga bakinsa ya nuna ni da shi.

"Ya ce ke," in ji Malam Siddiƙu. "Da wadda kika yi wa."

Babana Sodangi baduku ne a Ƙofar Atiku, shi ke ɗinka wa 'yan doka ɗamara. Da aka ce duk mai aiki da hukuma ya kawo 'ya makaranta, ni aka kawo. Da saƙon Uwargida ya iso masa, ko ɗaga kai bai yi daga fatar da yake yanka ba. Ya ce, "Hoto na? To mi hoto ka yi ma mutum? Ta tahi."

Inna kuwa fura take yi. Ba ta fita, ni ce ƙafarta. In na dawo daga makaranta sai in ɗauki ƙwarya in bi gidaje, in ƙarasa bakin kasuwa. Duk unguwa an san furar Hajjo: gero surfaffe, citta da kanumfari daidai, ƙwarya fara tas, faifai a rufe. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kama sunana. In tana gabana "ke" ce, in tana magana da wani "waccan".

Wasan labarin yara biyu ne. Ɗaya tana tafasa ruwa, tana rufe abinci, ta girma lafiya. Ɗaya tana ɗibar ruwan kududdufi, tana barin fura a buɗe, ciwon ciki ya kayar da ita. Sadiyatu aka bai wa mai tsabta. Aikinta ta rufe tukunya ta yi murmushi, kuma ko wannan sai da aka yi ta maimaitawa, don in ta ga akwatin hoto sai ta sandare kamar taɓarya. Ni aka bai wa ƙazamar.

A wani kango bayan Ƙofar Kware aka ɗauka. Direban motarsu ya zagaya gari ya tattaro tsofaffin kaya, aka watsa su a tsakar kangon, aka sa mini tsumma, aka tsefe mini kai aka bar shi a haka. Akwatin ƙafa uku gare shi da ido ɗaya na gilashi, Dogon Wuya yana juya hannunsa kamar mai niƙa. Ba ya ɗaukar murya, don haka Malam Siddiƙu ke tsaye gefe yana ba ni umarni da ƙarfi: "Ɗebi ruwan! Kar ki kalli idon! Sha! To, ciki ya murɗa!" Ƙudajen Sakkwato ma sai da suka ja aji. Suka ƙi furar suka koma wuyan Bature, sai da aka shafa zuma a bakin ƙwaryar sannan suka yarda su yi aiki.

Da aka zo wurin ciwon ciki, na tuna ranar da na cika cikina da ɗanyar kanya. Na dafe mara, na lanƙwashe, na zube ƙasa ina birgima ina shure-shure. Direba ya yi dariya har ya zame daga jikin mota. Dogon Wuya ya daina juya hannun ya tafa mini. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na gane akwai abin da na iya wanda duk ajinmu ba mai iyawa.

Suka tafi da hoton ƙasarsu a wanke. Damina ta zo ta wuce, har na fara mantawa, sai ga mai shela yana cewa za a nuna majigi a fili bayan magariba.

Maza da yara suka cika filin. Ina gefen Baba. Injin wuta ya tashi, haske ya faɗa kan ƙyallen, sai ga fuskata ta kai girman rumbu. Malam Siddiƙu ke riƙe da lasifika yana bayani, tunda hoton ba ya magana. Ganin jama'a ya ɗebe shi, sai ya koma kamar maroƙi.

"Jama'ar Sakkwato, kun gane ta? Taku ce fa! Bara'atu ke nan, 'yar Hajjo mai fura ta Ƙofar Atiku!"

Fili ya ɗauki sowa. Ni har da miƙewa tsaye don a gan ni. Sai akwatin ya matsa kusa da ƙwaryar, ƙudaje suka fito kowane ya kai tantabara, suna wanke hannu a bakin furar. Sowar ta mutu. Wani tsoho a bayanmu ya ce, "A'uzu billahi! Wanga abu munka daɗe muna sha?"

Washegari na ɗauki talla kamar kullum. Na fara da Baba Maccido maƙeri, wanda tun kafin a haife ni yake shan furar Inna. Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, ya ci gaba da zuga.

"Baba Maccido, a dama?"

"Ɗiyata, yau na ƙoshi."

"Wasa ne fa. Bature ne ya ce in yi."

"Ba ke ta ba?"

"Ni ce."

"Ba hura ta ba?"

"Fura ce, amma..."

"To. Ni da idona nig gani. Da labari anka ba ni sai in ce ƙarya ta."

Haka na zagaya gari na dawo da ƙwarya yadda na fita da ita. Yara suka biyo ni suna tafi suna kirana 'Yar Ƙuda. Bayan kwana kaɗan duba-gari ya zo gidanmu da kansa, ya leƙa randa, ya leƙa madafa, bai sami ko tsinke ba. Amma maƙwabta shigarsa suka gani, ba abin da ya gani ba.

Cikin gidaje abin ya fi muni, domin matan ba su ga majigin ba. Daga bakin yara suka ji, da kuma bakin Lantana, wata mai fura a lungun bayanmu. A wurin Lantana ƙudajen kullum ƙara girma suke yi. Sun tashi daga tantabara sun koma zabi, kafin wata ya ƙare sun kai angulu.

Baba ya ce a dakata da furar har magana ta kwanta. Inna ta ce, "In na aje taɓarya, sai su ce gaskiya ta." Ta ci gaba da daka kullum, ni kuma na ci gaba da ɗauka kullum. Ban sauya hanya ba, sai ma ƙara ta da na yi. Lungun da aka fi yi mini tafi nan nake rage sauri, in ɗaga murya: "Fura da nono! Furar Hajjo!" In yaro ya ce 'Yar Ƙuda, sai in tsaya in ce, "Kai wa ya taɓa ganin ka jikin ƙyalle?" Wuyana ya yi ciwo, amma ba wanda ya ga hawayena.

Furar da ta dawo kuwa dole a sha. Muka sha da safe, muka sha da rana, muka kwana da ita. Baba ya ce in yana tafiya cikinsa ƙara yake yi kamar tulu a kan jaki. Akuyarmu ta yi ƙiba har ta daina tsallake dangar maƙwabta. Muna dariya, har da Inna. Abin da ban yi wa dariya ba shi ne yadda take zama bakin rijiya tana goge ƙwaryar da ta riga ta wanke, tana gogewa, tana sakewa, har wata ta huje a hannunta. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Baba ya yanke hukunci: ni da majigi har abada.

Da rani sai ga su sun dawo. Wannan karon wasan lamba, wato rigakafin cutar agana, za su ɗauka, yarinyar da ke gudun mai yin lamba har agana ta kama ta, kuma Dogon Wuya ya ce ba wadda yake so sai ni. Aka kira ni ofishin Uwargida. Na shiga, na gaida su, na ƙi zama.

Malam Siddiƙu ya riga ya ji abin da ya faru. Ya cire dara yana murza ta. "Wallahi 'yar nan, ni fa talla na yi muku."

"Ta kuwa karɓu, Malam. Har akuyarmu tana gode muku."

Na juya wajen Uwargida. Na fara da ɗan Turancin da ta koya mana, inda ya ƙare na ci gaba da Hausa. Na ce maza sun gani, yara sun gani, amma matan da suka daina aiko da kwano ba su gani ba, kuma ita Innar da aka ɓata wa suna ba ta san abin da ya ɓata shi ba. Na ce a nuna wa mata, a bar ni in gaya musu da bakina yadda aka yi. In ba haka ba, su nemi wata ta yi musu gudun.

Dogon Wuya ya ce ba a tsara haka ba. Uwargida kuwa ta daɗe tana neman hanyar da matan gari za su tako makarantarta, sai idonta ya yi haske. Ita ta bi ta wajen masu unguwa har mazaje suka yarda, bisa sharaɗi ɗaya: kada namiji ya shiga. Don haka aka kafa injin bayan zana a harabar makaranta, aka huda zanar daidai inda haske zai fito, Malam Siddiƙu da direba suka zauna can. Lasifika kuwa hannuna aka ba.

Na shirya jawabi. Na haddace shi kamar karatu, na gwada wa akuya har ta gaji. Zan fara da zuma, in bi da tsumma, in ƙare da cewa hoto ma ana sa shi ya faɗi abin da ba a yi ba.

Bayan magariba mata suka yi ta shigowa cikin lulluɓi, kowace da tabarmarta. Lantana ta zauna sahun gaba. Inna ta zauna can baya, ta ja mayafi har hanci. Hasken ya faɗo, wasu suka yi salati, wata ta tashi za ta gudu aka riƙo zanenta. Na gyara murya na ce, "Iyayena, wannan da za ku gani..."

"Kai, ga Sadiyatu!" in ji wata. "Zanen uwatta na, na sallar bara."

"Awo, shi na. Ashe bai koɗe ba."

Na sake gyara murya. Sai ga kangon ya fito, ga ni cikin tsumma.

"Wanga ba gidan Hajjo ba na."

"Ina ceɗiyar tsakar gida? Ina rijiya?"

"Kangon Bawa mai jakkai na! Ga turken nan!"

Maza sun kalli wannan hoto sun ga ƙazanta. Mata kuwa kallon ɗakin amarya suka yi masa, kaya ɗaya bayan ɗaya. Wata ta gane tabarmar, wata ta gane tukunyar. Ina ta cewa "iyayena, iyayena" cikin lasifika, ba mai saurare na. Sai ƙwaryar ta cika ƙyallen, da ƙudajenta.

"Tsaya!"

Goggo Dije ce, ungozomar unguwa, wadda ba ɗakin da ba ta shiga ba a Ƙofar Atiku. Kafin ta miƙe hoton ya wuce. Ta juya wajen zana ta ɗaga sanda. "Kai Bakano! Maido shi baya!"

"Goggo, ba a yin haka," in ji Malam Siddiƙu daga bayan zana.

"Yau za a yi."

Mata suka ɗauka gaba ɗaya: a maido, a maido. Muka ji ana ƙus-ƙus da ƙarar ƙarfe, can sai ga ƙwaryar ta dawo. Goggo Dije ta taka har gaban ƙyallen, inuwarta ta rufe rabin hoton, ta ɗora bakin sanda kan wani tsagi da gyartai ya ɗinke, ɗinkin ya rabu uku kamar sawun kaza.

"Kun ga wanga ɗinki? Kun ga ƙunar ga ta baki? Ni nid ɗauki ƙwaryar ga bisa kaina ran da anka kai Lantana ɗakinta."

Duk kawuna suka juya sahun gaba.

"Tsohuwa ta!" in ji Lantana. "Na daɗe da yar da ita! Direbansu na yaz zo neman tsohin kaya, yac ce wadda ta hi kowace muni suka so..."

"Shi kau yat taho gidanki kai tsaye," in ji wata daga tsakiya.

Dariyar da aka yi har bayan zana sai da ta kai. Goggo Dije ta jira ta lafa, sannan ta ce, "Ke Lantana, ashe tun farko kin san wasa na. To angulayen fa, su ma naki na?"

Lantana ta ja mayafi ta rufe kai gaba ɗaya. Daga ciki muka ji ta ce, "Ni ma yara sunka gaya min." Ba ta tashi ba dai, don ita ma tana son ganin ƙarshe.

Ƙarshen kuwa ni ce. Na sha furar, na dafe mara, na zube ina birgima. Matan da suka san ciwon ciki fiye da kowa suka kama haƙarƙari. Wata ta ce haka mijinta ke yi in ƙaya ta soke shi. Aka sake tilasta wa Malam Siddiƙu ya maido baya. Na ajiye lasifikar a ƙasa, jawabina ko kalma goma bai samu ba. Na hango Inna can baya. Fuskarta a rufe take, amma kafaɗunta rawa suke yi.

A hanyar gida ina gaba da fitila, Inna da Goggo Dije suna baya. Sai da muka kusa ƙofa na ji ta ce wa Goggo, "Waccan ta iya faɗuwa."

Da hantsi yara suka fara sallama da kwanoni, tun ban tafi makaranta ba. Maza sun ɗan jinkirta, don su sai da matansu suka yi musu bayanin abin da suka gani da idonsu. Da na biya ta maƙera, Baba Maccido ya ajiye guduma ya ce, "An ce ƙwaryar ba taku ba ta."

"An ce? Ba ku da idonku kuka gani ba?"

"Ke dai dama min, ɗiyar nema."

Na dama masa, na cika ludayi. Ranar kafin la'asar na dawo da ƙwarya a kife.

Saura Baba. Ni ban roƙe shi ba. Inna ce ta yi magana daga madafa, yana zaune bakin zaure yana ɗinki, kamar da tukunya take: "In sun sake zuwa neman waccan, a ba su. Amma kar in ji sunan gidan ga cikin ƙahon nan nasu." Baba ya ce shi dai in za a koma cin tuwo, ya yarda da komai.

Na kai wa Malam Siddiƙu sharaɗin. Muka raɗa wa yarinyar cikin hoto nata sunan, Delu, ba uwa ba unguwa. Uwargida ta ce wannan karon a ba ni yarinyar kirki, ko don a wanke ni. Na ce a bar wa Sadiyatu, ta saba. Yarinyar kirki rufe tukunya kawai take yi. Ni gudu nake so, da tsallake danga, da ɓuya cikin rumbu.

Delu ta gudu daga mai lamba. Shekarar da ta biyo ta ƙi share gida, ta kuma bar ƙanenta ya yi wasa bakin rijiya. An nuna ta a ƙauyuka har inda ban taɓa zuwa ba, kuma na ji ana tsorata yara da ita ana kuma roƙon a sake nuna ta. Na yi ta yi har na fi akwatin tsawo, Dogon Wuya ya ce Delu ta girma, ya kamata a ce ta yi hankali.

Wanda ya sha wuya a duk shekarun nan direba ne. Duk lokacin da ya shigo gari neman tsofaffin kaya, kafin ya kashe mota labari ya zagaya. Ya yi sallama gida bayan gida, kowace mace ta aiko yaro ya ce masa su nan komai nasu sabo ne. Ko fasasshen ludayi bai sake samu a Ƙofar Atiku ba. Dole ya riƙa sayen sabuwar ƙwarya a kasuwa, ya kai ta bayan ganuwa, ya zauna shi kaɗai yana buga ta da dutse yana shafa mata toka.